Fim ɗin da Ruwa Ya Katse

Gusau.

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Tsafe lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka shiga aikin koyarwar nan da ƙafar dama. Amin.

Na sa wannan takarda a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin farar rigar da na ɗinka maka, don na san ba za ka taɓa rigar ba sai Juma'a. Kafin nan ka huta, ka ga ɗakinka, ka san 'yan ajinka. Kada tsawonta ya ba ka mamaki. Ka san yadda muke. Kai ɗan fari ne, ko sunanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in buɗe maka cikina. Shi ya sa na ari alƙalaminka na zauna a kan teburin yankan yadi.

Labarin gida babu wanda ba ka sani ba, don haka ba zan ɓata takarda a kai ba. Magana ɗaya ce ta sa ni rubutu. Shekaranjiya da Innarka ke ƙulla maka yaji da kuka, na ji ta ce in ka je Tsafe ka kiyayi Gwaggo Dije mai daddawa, kada ka bi ta gabanta, kada ka ci abin hannunta. Ka ce to. Ina bakin ƙofa ina jin ku, ban ce komai ba, kamar yadda na saba. Innarka ba ƙarya ta yi ba, abin da ta sani ta faɗa. Kai ma ka tashi da sanin cewa matar nan ce ta kama kurwarka kana ɗan shekara tara. To ba ita ba ce. Gwaggo Dije ba mayya ba ce, ba ta taɓa zama ba. Ni na jawo mata wannan suna, kuma silima ce mafarin abin. Ina so ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Lokacin muna Bungudu ina da rumfar ɗinki a bakin kasuwa, ka tuna ta. Duk bayan mako biyu nakan bi motar Ɗanjuma direba zuwa Gusau sayen yadi da zare, in kwana, in dawo da safe. Ɗanjuma ne ya fara shigar da ni gidan silima. Har yau tana nan yadda take, katanga huɗu ba rufi, bencina a jere, farin bango a gaba. Kai ma ka san ta, kada ka ce za ka musa. Sau biyu ina zuwa in tarar da kekenka jingine a bakin ƙofa, in juya in koma gida don kada mu haɗu a ciki kowa ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Mutane sun fi son na kaboyi da na Indiya masu rawa, daga baya na 'yan Cana masu faɗa suka zo suka kwashe samari. Ni kuwa tun ranar farko na ban tsoro suka kama ni. Tunda na ƙarar da bencina da yawa a kansu, bari in faɗa maka abin da na gano, ko ba komai ka san inda kuɗin zaren ubanka suka riƙa zuwa.

Masu zubar da jini ba su da ban tsoro. Wanda ya tashi kusa da rumfar mahauta ba za a firgita shi da jan ruwa ba, ƙyama kawai suke ba ni. Na Indiya kuwa, fatalwarsu kusan kullum mace ce da aka zalunta, ta dawo tana kuka da waƙa, sai ka tarar tausayinta ya fi tsoronta yawa. Na Turawa su ne masu gawa mai tashi daga akwati, da manyan gidaje ɗaki ashirin ba kowa a ciki. Mutum ya ji motsi a ƙasan bene, maimakon ya kira jama'a sai ya ɗauki kyandir shi kaɗai ya nufi wurin. Sai ka ji silima ta ɗauka gaba ɗaya, “Kak ka shiga, wawa!” Amma sai ya shiga. Na daɗe ina tunanin abin, har na gane tsoron Bature rashin maƙwabci ne. Nakan ce wa mutane, in a Bungudu ne, ihu ɗaya za a yi unguwa ta cika da sanduna, ko fatalwar ta ga ba wurin zama. A lokacin abin alfahari nake ganin haka.

Waɗanda suka fi duka kuwa su ne waɗanda ba a nuna maka komai. Ƙofa tana buɗewa a hankali, kujera ta motsa, yaro ya tsaya yana kallon wani lungu da kai ba ka ga kowa a ciki ba. Nan tsikar jiki ke tashi, don kai da kanka kake ƙera dodon, kuma kowa ya fi kowa sanin abin da yake tsoro. Sirrin duka kuma a kiɗa yake. Wannan siririn goge da ke tashi kafin abu ya faru, shi ke tsinka zuciya. In ka toshe kunne, sai ka ga ashe mutum ne kawai aka shafa wa farar ƙasa yana tafiya a hankali.

Kuskurena na farko daga nan ya fito. Ɗanjuma ƙato ne, yana iya ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, amma in gogen nan ya fara sai ya tura fuska cikin hula yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Na kwashe wannan na kai tasha, na yi ta kwaikwayonsa har 'yan kamasho suka laƙaba masa Rufe-ido. Sunan ya bi shi har yau. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ni ma auduga nake cusawa a kunne in jawo hula in rufe. Jarumtar tawa ta auduga ce. Na fi shi tsoro, na dai fi shi iya ɓoyewa. Don haka in ka ga yaro a ajinka yana rawar jiki don an ce ya fito gaban allo, ko yana tsoron zuwa bayan makaranta shi kaɗai, kada ka sa a yi masa dariya. Dariyar minti ɗaya ce a wurinka, shi kuma zai iya ɗaukar sunan har ya yi furfura.

Na biyu shi ne gishiri. Ba na jin Turanci, balle Indiyanci. Abin da mutanen cikin fim ke cewa, ni nake ɗinka musu shi yadda na ga ya dace da fuskokinsu. In na dawo Bungudu, kafin in sa zare a keke rumfa ta cika. Wani ya zo da yagaggen wando don ya sami dalilin zama, wani ba ya ma neman dalili. Ina taka keke ina ba da labari, in na zo wurin tsoro in ɗaga ƙafa, keke ya yi shiru, kowa ya riƙe numfashi. Da na ga dajin Turawa ba ya kama su sosai, sai na fara dawo da abin gida. Tekunsu ya zama gulbinmu. Itacen da aka rataye mutum ya zama tsamiyar nan ta hanyar Kekun Waje. Ba a yi wata biyu ba na ji mata masu kawo nono sun daina bi ta gindinta, suna zagayawa ta cikin gonaki da ƙwarya a ka. Da aka faɗa mini dariya na yi, har na ji kaina ya ƙara girma.

Ka gaji wannan baki nawa. Na sha jin ka kana ba ƙannenka labari sun yi tsit, abinci na hucewa a gabansu. Baiwa ce, ba na hana ka. Amma yanzu kai malami ne, abin da ka faɗa yara za su kai gida a matsayin karatu. In tatsuniya ce ka ce tatsuniya ce tun daga farko, kuma ka bar dodo a garinsu. Kada ka ba shi masauki a wurin da mutane ke bi su nemi abinci.

Yanzu ga babban.

Da daminar shekarar da aka gama yaƙin basasa, na shiga wani fim na Turawa. Wani ƙauye ne cikin duwatsu, yara suna kwantawa ciwo ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata tsohuwa mai ɗingishi da ke zaune ita kaɗai a gefen gari. Duk gidan da yaro ya kwanta, sai a nuno ta tsaye a bayan taga, rungume da wani ɗan tulu mai murfi. Ana cikin haka aka nuno ta ta tura ƙofar ɗakin wani yaro, ta durƙusa a kansa, ta kai hannu kan murfin tulun. Daidai nan hadarin da ya haɗo tun magariba ya sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ka san silimar ba rufi. Aka kashe inji, kowa ya yi ta kansa. Washegari da na tambaya, aka ce an riga an ɗora fim ɗin a jirgi ya yi gaba.

Na dawo Bungudu da hantsi, rumfa ta cika. Aka ce, “Tela, mi kag gano muna?” Na fara. Ban taɓa ba da labari ya yi daɗi kamar na ranar ba. Na kawo su har bakin tulu, na ɗaga ƙafa daga keke. Suka ce, “Sai anka yi yaya?”

Abin da ya kamata in ce kalma uku ce, ruwa ya katse. Amma mutum ashirin na kallon bakina, ni da aka sani ban taɓa dawowa da rabin labari ba. Sai na ce kurwar yaran take kamawa tana tarawa a cikin tulun, in ta buɗe murfi kurwar ta shige, yaro ya mutu. Wani ya ce, “Ita tsohuwar, yaya kamatta take?” Ina ɗaga kai sai ga Gwaggo Dije tana wucewa da faifan daddawa a ka, tana jan ƙafarta ta hagu. Na nuna ta da baki na ce, “Kun ga Gwaggo Dije? To sak.” Aka kwashe da dariya. Ita kuma jin sunanta ya sa ta waiwayo, ta yi murmushi ta ce, “Tela, ana ta hira? Allah shi ba da sa'a.” Ta wuce.

Kana zaune a kan tabarma a bayana kana cin dafaffiyar masara. Na manta kana wurin.

Ba lallai ka tuna yadda take ba. Aure ya kawo ta Bungudu, mijin ya rasu, 'ya'yanta uku duk sun koma tun suna ƙanana. Tana zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa, ɗakinta cike da tukwanen kalwa a rurrufe, sana'ar ce ta gaji haka. Shekara da shekaru babu wanda ya ga wani abu a cikin wannan. Miyar gidanmu da daddawarta ake yi, kai kanka in ka bi ta ƙofarta ba ka dawowa hannu wofi. Amma daga ranar da na haɗa fuskarta da ta tsohuwar fim, sai duk waɗannan abubuwa suka zama abin lura.

Ka riƙe wannan da kyau. Yara za su tambaye ka abin da ba ka sani ba, manya ma za su tambaye ka, don a ƙauye malamin makaranta shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne rediyo. Ka koyi cewa ban sani ba. Da nauyi a baki, na sani, musamman in an saba jin amsa daga gare ka. Kuma ko da wasa kada ka ɗauki mutum mai rai ka yi misalin mugun abu da shi, balle wanda ba shi da mai tsaya masa.

Bayan kamar mako guda masassara ta kama ka. Kwana biyu jikinka kamar garwashi. Ran na uku da safe na ɗora ka a keke na ce wa kakarka, mahaifiyata, zan kai ka wurin malam a yi maka tofi, don ita ba ta yarda da allura ba ko kaɗan. Ɗakin shan magani na kai ka. Malam Yohanna, mai ba da magani na lokacin, ya duba ka ya ce zazzaɓin sauro ne, ya yi maka allura ya ba da ƙwayoyi. Ya ce kada in damu in ka yi surutai, zuwa gobe da safe zafin zai sauka. Na dawo da kai, na ɓoye ƙwayoyin a aljihu.

Da azahar ka fara surutan. Idonka a rufe kana cewa, “Ku ce ta ruhe tulun. Gwaggo Dije ta buɗe tulu, ku ce ta ruhe.” Mata sun cika ɗakin sun zo dubiya. Ka san al'adarmu, in mara lafiya ya kama sunan mutum cikin zafin ciwo, ba a neman wata shaida. Kafin la'asar an je an taho da ita.

Ina tsaye a tsakar gida aka shigo da ita, hannunta duk kalwa, ko wankewa ba a bar ta ta yi ba. An shimfiɗa ka a tabarma a tsakiya. Maza sun cika zaure, mata sun kewaye, yara sun hau katanga. Aka ce ta saki kurwar yaro, ta tsallaka shi sau uku. Ta ce, “Mi nay yi muku? Yaron ga, ni da ke ba shi ƙuli kullum?” Wata ta fizge mayafinta, wata ta tuɓe mata ɗankwali, furfurarta a waje gaban maza. Ta bi fuskoki da kallo har ta zo kaina. Ta ce, “Tela, kai ka san ni. Hwaɗa musu.”

Ƙwayoyin Malam Yohanna suna cikin aljihuna, hannuna a kansu. Na san inda ka samo tulun nan. Na san abin da ke damunka, na san gobe za ka tashi. Abin da zai fid da ita bai fi numfashi biyu ba. Amma sai in ce a gaban mahaifiyata na yi mata ƙarya da safe, in ce a gaban mutanen rumfata labarin da na ba su ƙirƙira ce. Na ce a raina bari a ɗan lafa tukuna. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Ta tsallaka ka. A na uku ƙafar nan tata ta harɗe da tabarma, ta yi taga-taga za ta faɗi, babu wanda ya miƙa hannu. Da ta tsaya daidai sai ta dube ka ta ce, “Allah shi ba ka lahiya, Lawali.” Ta ɗauki ɗankwalinta a ƙasa ta fita.

Washegari da safe zafi ya sauka, kamar yadda Malam Yohanna ya faɗa. Ka tashi ka nemi koko. Unguwa ta ɗauka, kun gani, tana tsallakawa ya warke. Allurar da ta cece ka ita ta ƙarasa Gwaggo Dije, kuma ni kaɗai na san haka.

Na faɗa maka ina alfahari da cewa a wurinmu ihu ɗaya ake yi unguwa ta taru. Ranar na ga unguwa ta taru. Duk finafinan da na kalla kafin nan da bayan nan, babu wanda ya ba ni tsoro kamar tsakar gidanmu da la'asar ɗin nan, rana tsaka, ba goge, ba duhu. Kuma babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci ne, suna son ka ne, suna tsoron kada ka mutu. In ka ga jama'a sun taru a kan mutum ɗaya, kai kuma ka san wani abu da ba su sani ba, ka faɗa nan take tun murya ɗaya tana iya shiga kunne. Kada ka ce bari a lafa. Ni na jira a lafa, ga shi shekara tara ina jira.

Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen daddawarta. Uwaye na janye 'ya'yansu in ta taho. Kafin a yanke gero ta tattara tukwanenta ta koma wurin ƙanenta a Tsafe. Ɗanjuma ne ya ɗauke ta. Ya ce motar cike take maƙil, amma an bar fili dama da hagunta har suka isa. Labarin kuma a motar ya sauka tare da ita. Bayan shekara biyu muka dawo Gusau. Na ce wa mutane ciniki ya fi a nan, gaskiya ne, amma ba shi ya tashe ni ba. Na gaji da zagaye kangon ɗakinta ne in zan je masallaci.

Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, ina wucewa bakin kasuwa sai na ga hoton tsohuwar nan da tulunta manne a allon silima. Fim ɗin ya zagayo. Rani ne, ba ruwan da zai katse. Na shiga ba auduga a kunne, na zauna har aka zo inda ta kai hannu kan murfi. Ta buɗe. Ta tallafo kan yaron ta ba shi ya sha. Magani ne. Ashe rijiyar garin ce ta lalace, mai garin ya sani ya ɓoye. Ita tsohuwar jiƙo take haɗawa tana bi gida gida a ɓoye, don ta san ba za a karɓa daga hannunta a fili ba. Mutanen gari suka taru za su ƙone ɗakinta, sai yaron ya taso daga kwance ya tsaya a gabanta ya faɗi gaskiya. Silima ta ɗau tafi. Ni kuwa ina nan zaune a benci, har masu shara suka zo suka ce Malam an tashi.

Tun daga ranar ban ƙara ba kowa labarin fim ba. Kallo dai ban daina ba, ba zan yi maka ƙaryar tsoron Allah da ban kai ba. Kai ma ban hana ka ba, in ka shigo Gusau hutu. Ka dai yi sallarka kafin ka shiga, kada ka zauna cikin masu busa hayaƙi. Tsoron silima tsoro ne mai ƙofa, in an kunna fitila kowa ya karkaɗe rigarsa ya fita. Ka bar shi a kan bencin da ka same shi. In kuma ruwa ya katse maka wani abu a tsakiya, fim ne ko maganar mutane, ka ce iyakar abin da na gani ke nan.

Saura abu ɗaya da ko Ɗanjuma bai sani ba. Bara na shirya na tafi Tsafe ranar kasuwa da niyyar neman gafararta. Tun daga Kwatarkwashi nake maimaita abin da zan ce. Na same ta a ƙarshen layin masu daddawa, tsakaninta da ta kusa da ita akwai filin da mutum uku za su zauna. Baƙi kaɗai ke tsayawa wurinta, waɗanda ba su san komai ba. Ta tsufa ƙwarai. Ina tsaye daga nesa ina tattara ƙarfin hali, sai ta ɗago ta ƙura mini ido.

Ta ce, “Tela? Kai na?”

Na matso na durƙusa na gaishe ta. Kafin in buɗe baki ta ce, “Yaya jikin Lawali?”

Shekara takwas, Malam Ƙarami. Kana kwalejin horon malamai, ka fi ni tsawo, gemu ya fara fito maka. Ita kuwa a tabarmar nan ta bar ka, kuma a nan kake a wurinta. Duk abin da na shirya ya bi iska. Na ce, “Ya ji sauƙi.” Ta ce, “Alhamdu lillahi. Kullum shina raina.” Ta ƙulla daddawa mai yawa a ganye ta miƙo ta ce, “Kai ma Innatai.” Na karɓa, na yi godiya, na tashi na nufi tasha kamar an koro ni.

Daddawar nan na kawo gida na ce a kasuwar Gusau na saya. Lokacin kana hutu. Innarka ta yi miyar kuka da ita, ta ce rabon da ta sami mai kyau haka tun muna Bungudu. Ka ci ka nemi ƙari. Wata guda muna cin abin hannun Gwaggo Dije a gidan nan, ko atishawa babu wanda ya yi.

To ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Ranar kasuwa ka sa farar rigar nan. Ka bari sai rana ta take, kasuwa ta cika, ka je ka durƙusa a gabanta ka gaishe ta yadda ake gaida uwa. Ka faɗi sunanka da ƙarfi, ka faɗi ɗan wane ne kai. Ka zauna a filin nan da aka bari kusa da ita. Ka roƙi ruwa, ka sha a moɗarta kowa na gani. Mutanen Tsafe za su ga sabon malamin 'ya'yansu, yaron da aka ce ta kama, zaune yana shan ruwanta. In an tambaye ka, ka faɗi abin da ke cikin takardar nan, kada ka rage komai don ka rufa mini asiri.

Ba aikenka nake ka ɗauki kayana ba. Kafin ka buɗe wannan takarda na faɗa wa Innarka, na sa wa kaina ranar Alhamis. Juma'ar da kake karantawa kuma ina Bungudu, in an sauko masallaci zan tsaya a bakin tsohuwar rumfata in ba su ƙarshen labarin da na ci bashinsu a baki, tunda a nan na fara shi. Kakarka ta riga mu gidan gaskiya ba ta ji ba, wannan ya wuce ni. Kasuwar da ke biye zan zo Tsafe da kaina. In ta yafe, falalarta ce. In ba ta yafe ba, ba ta zalunce ni ba. In kai ma ka ga na ragu a idonka, ba zan ce ka yi rashin kunya ba. Na dai fi so ka san ubanka yadda yake.

Amma kai nake so ka riga ni, don ba ni ta tambaya ba. Jikinka ta tambaya, amsar da na ba ta kuwa ba ta isa ba. Ka je ta gan ka a tsaye.

Ka gaida shugaban makarantarku da mai masaukinka. Ka riƙa kwana cikin gidan sauro, ga shi nan na naɗe maka a gefen akwati. Allah ya kare ka daga sharrin bakinka da na mutane, ya ba ka ƙarfin halin da ni na rasa, ya sa yaran da za ka koyar su yi maka addu'a bayan ranka. Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Sunan nan da ban taɓa kira ba, ita ta kira shi sau biyu a gabana, duka biyun da alheri. Allah ya yi maka albarka, Lawali.

Ni ne mahaifinka,
Garba Tela.